Me ya sa hannun jarin ƙaramin kamfani ke yin kwantai alhali farashinsa na rubuce?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana hannun jari a kamfanoni biyu, ɗaya wani babban bankin kasuwanci ne, ɗayan kuma wani ƙaramin kamfanin sarrafa kaya ne da ya saya tun yana aiki a masaƙa a Kakuri. Mun kammala takardun kotu da na rijistara mai riƙe da sunayen masu hannun jarin, kuma ni aka wakilta in sayar domin a raba gado. Na bankin a ranar da dillali ya kai kasuwa aka saye shi, amma na ƙaramin kamfanin, guda 400,000, yau mako biyar ke nan ko kashi ɗaya cikin goma ba a saya ba, alhali kullum ina ganin farashinsa naira 2 da kwabo 50. Dillalin ya ce wai 'yan gida ɗaya ne ke juya kamfanin, kuma manyan cibiyoyin zuba jari ba sa sayen hannun jarinsa. Mene ne haɗin wannan da cinikinmu? Ko dai kare kansa kawai yake yi?" Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanya albarka a abin da ya bari, ya kuma ba ki ikon sauke wannan amana da 'yan'uwa suka ɗora miki.

Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: dalilin da ya sa kayan da ke da farashi a rubuce ya rasa mai saye, da kuma ko yadda ake tafiyar da kamfani da irin mutanen da suka mallake shi suna da hannu a cikin haka. Dillalinki bai yi miki ƙarya ba, sai dai rabin bayanin ya ba ki, kuma rabin da ya rage shi ne zai taimake ki wajen yanke shawara. Na yi shekaru ina dillancin hannun jari kafin in koma ba da shawara, kuma irin wannan ƙorafi na ji shi daga magada ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Farashin allo da farashin sallama

Duk wanda ya san kasuwa ya san akwai kayan da ke garawa, akwai kuma mai kwantai. Wanda ya kai buhun shinkafa Kasuwar Gumi zai sayar kafin azahar a kan kuɗin da kowa ya sani, amma wanda ya kai tsohon injin masana'anta Panteka yana iya yin wata guda bai sami wanda ya taya ba, ko da injin ya fi shinkafar daraja nesa ba kusa ba. Hannun jari ma haka yake. Masana suna auna garawarsa da abubuwa uku: tazarar da ke tsakanin tayin mai saye da kuɗin da mai kaya zai sallama, da yawan abin da masu tayi za su iya ɗauka ba tare da farashi ya karye ba, da kuma tsawon lokacin da ake jira kafin ciniki ya faɗa. Hannun jarin bankinku ya cika ukun, domin a kowace rana dillalai da yawa suna tayi suna sallamawa a kansa, na ƙaramin kamfanin kuwa ya rasa ukun.

Naira 2 da kwabo 50 ɗin da kike gani kuɗin cinikin da ya gabata ne, ba alkawari ba ne cewa akwai mai jiran saye a kan haka a yau. Kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, tana da ƙa'idar cewa farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a rana ɗaya, sannan ƙananan cinikayya ba sa motsa farashin da ake bugawa sai an kai wani adadi. Saboda haka farashi yana iya daskarewa makonni a allo, alhali masu saye a zuciyarsu ba su ga kayan a kan wannan kuɗi ba. Mun ga mafi munin wannan kafin watan Janairun 2018, lokacin da doka ta hana hannun jari sauka ƙasa da kwabo 50: kamfanonin inshora da dama sun shafe shekaru a maƙale a kan kwabo 50, masu sayarwa sun yi layi, mai saye babu. Da aka ɗage ƙa'idar farashin wasunsu ya sauka, amma aƙalla ciniki ya fara yiwuwa.

Nawa ne ke yawo a kasuwa?

Dalili na farko lissafi ne kawai. Idan kamfani yana da hannun jari biliyan ɗaya, amma iyalin da suka kafa shi da daraktocinsa da uwar kamfanin suna riƙe da miliyan 800 waɗanda ba su da niyyar sayarwa, to miliyan 200 ne kacal suka rage wa jama'a. Wannan ne ya sa NGX ta sharɗanta wa kamfanonin babban allonta cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na hannun jarinsu ya kasance a hannun jama'a, ko kuma darajar abin da ke hannun jama'ar ta kai naira biliyan 20. Akwai kamfanonin da ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma kasuwar tana bayyana sunayensu a rahotonta na bin ƙa'ida.

Sai dai a ƙasarmu ko wannan kason na jama'a ba duka ne ke motsi ba, kuma tarihin mahaifinku ya isa misali. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa dubban ma'aikata da 'yan kasuwa sun sayi hannun jari a karon farko, har aka buɗe reshen kasuwar a nan Kaduna a 1978. An sake samun irin wannan tururuwa a 2004 da 2005, lokacin da aka umarci bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25. Yawancin waɗannan bayin Allah sun karɓi satifiket sun adana a akwati tare da takardar fili, ba su taɓa sayarwa ba kuma ba su ƙara saye ba. Wasu sun rasu magada ba su ma san da shi ba, wasu sun sauya gida takardun rijistara ba sa isa gare su, wasu kuma har yau ba su mayar da satifiket ɗin zuwa asusun CSCS, wato ma'ajiyar hannun jari ta na'ura, ba, alhali sai ta nan ake iya ciniki. A takarda kamfanin yana da masu hannun jari dubbai, amma waɗanda ke shiga kasuwa a kansa a mako ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Idan aka ƙaddara ana cinikin guda 20,000 a rana, kin ga ke kaɗai kin zo da kayan kwana ashirin, ko da kuwa babu wani mai sayarwa sai ke.

Cinikin biri a sama

A nan ne maganar dillalinki ta farko take da nauyi, kuma a nan nake so in daɗe. Mai sayen hannun jari ba ya ganin kayan da yake saye. Bai shiga masana'antar ba, bai ƙirga abin da ke cikin sito ba, bai san bashin da ake bin kamfanin ba, abin da aka rubuta masa a rahoto kawai yake da shi. Ya kuma san cewa wanda ke sayar masa yana iya zama darakta ne, ko ɗan'uwan darakta, wanda ya riga ya ji labarin da bai fito ba tukuna. Duk mai hankalin da ya ga alamar cinikin biri a sama ake so ya yi, ɗayan biyu zai zaɓa: ko ya karya tayi sosai domin ya kare kansa, ko ya wuce abinsa. Na farko shi ke faɗaɗa tazara tsakanin tayi da sallama, na biyu shi ke kawo kwantai. Masana tattalin arziki Glosten da Milgrom sun yi bayanin wannan da lissafi tun 1985, inda suka nuna cewa tsoron yin ciniki da wanda ya fi ka sani shi kaɗai ya isa ya haifar da wannan tazara.

Amfanin kyakkyawan shugabancin kamfani shi ne rage wannan tsoro. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta hana mutum ɗaya ya haɗa kujerar shugaban kwamitin daraktoci da ta manajan darakta a kamfanin jama'a, ta wajabta daraktoci masu zaman kansu, wanda gyaran 2023 ya mayar da adadinsu kashi ɗaya cikin uku na kwamitin, ta kuma tsara kwamitin binciken kuɗi mai mutum biyar, uku daga cikinsu wakilan masu hannun jari. Kundin shugabancin kamfanoni na 2018 ya ƙara da cewa kamfani ya bi ƙa'idojinsa kuma ya yi bayanin yadda ya bi su. NGX kuma tana son rahoton shekara wanda odita ya tantance cikin kwana 90 bayan rufe shekara, na wata uku-uku kuma cikin kwana 30, tana cin tarar wanda ya makara, har takan dakatar da cinikin hannun jarinsa. Akwai kuma lokutan da ake rufe wa daraktoci da manyan ma'aikata ƙofar saye da sayarwa har sai an fitar da sakamako ga kowa. Idan aka duba da kyau, manufar waɗannan duka ɗaya ce: a rage ratar da ke tsakanin abin da na ciki ya sani da abin da na waje ya sani. Binciken Chung da Elder da Kim na 2010 a kan kamfanonin Amurka ya gano cewa waɗanda suka fi kyawun shugabanci sun fi ƙarancin tazarar farashi, kuma ciniki ba ya girgiza farashinsu sosai.

Kasancewar kamfani na 'yan gida ɗaya ba laifi ba ne a karan kansa, domin akwai iyalan da ke riƙon amana fiye da manajojin haya, tun da sunansu da dukiyarsu ke ciki. Inda matsala take shi ne idan babu wanda zai iya ce musu a'a. Na taɓa bibiyar wani ƙaramin kamfani saboda wasu abokan hulɗata da ke da hannun jarinsa. Uba ne shugaba, ɗa ne manajan darakta, kamfanin da ke kawo musu ɗanyen kaya na suruki ne, kuma shekara uku a jere rahoto yana fitowa a makare. Masana'antar tana aiki, motoci suna lodi kullum, amma a ƙarshen shekara sai a ce riba ba ta kai a raba ba, domin ribar ta riga ta bi ta hanyar kwangilar suruki ta koma gida. Na halarci babban taronsu na shekara, inda aka amince da komai cikin ƙasa da awa ɗaya, wani dattijo ɗan fansho da ya ɗaga hannu zai yi tambaya aka ce lokaci ya ƙure. Bayan wannan taro ban ƙara iya ba kowa shawarar ya saya ba, kuma na san sauran dillalai haka suka yi. Ta haka ake rasa masu tayi, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an yi shela ba.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2006 an gano cewa an kumbura alƙaluman kamfanin Cadbury Nigeria, a watan Agustan 2009 kuma Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar. Bambancin shi ne babban kamfani yana da idanu da yawa a kansa, 'yan jarida da masu sharhi da hukumomi, ƙarami kuwa sau da yawa babu mai nazarinsa ko ɗaya, don haka rahoton da ya fitar da hannunsa shi ne kaɗai fitilar mai saye. Shi ya sa nake ganin raunin shugabanci ya fi yi wa cinikin ƙaramin kamfani illa.

Manyan cibiyoyi: magani ne, amma ba kullum ba

Cibiyoyin da dillalinki ke nufi su ne kamfanonin kula da kuɗin fansho, da na inshora, da asusun haɗaka na zuba jari, da masu jari daga ƙasashen waje. Kuɗin fansho da aka fara tarawa bayan dokar fansho ta 2004 ya haura naira tiriliyan 20 a 2024, amma mafi yawansa yana cikin takardun bashin gwamnatin tarayya, kuma ɗan abin da ke shiga hannun jari manyan kamfanoni yake nufa. Ba ƙiyayya ce ta sa haka ba. Hukumar PenCom mai kula da harkar fansho ta sharɗanta cewa kamfanin da za a sa kuɗin ma'aikata a cikinsa ya kasance yana da tarihin cin riba da rabawa. Ban da wannan akwai maganar girma: manajan da ke juya ɗaruruwan biliyoyi ba zai ɓata lokacin ma'aikatansa a kan kamfanin da duk abin da ke hannun jama'a bai wuce naira miliyan 500 ba, domin idan ya shiga da ƙarfi shi zai tayar da farashi a kan kansa, ranar fita kuma babu wanda zai ɗauke masa kayan. Ma'aunai irin su NGX 30, wato jerin manyan kamfanoni talatin na kasuwar, waɗanda manajoji ke gwada ƙoƙarinsu da su, bisa girma da yawan ciniki ake zaɓar kamfanonin cikinsu. Sai abin ya zama zagaye: ba sa saye saboda ba ya garawa, ba ya garawa saboda ba sa saye.

Idan cibiyoyi da yawa suka shiga kamfani, kowacce da matsakaicin kaso, alheri ne ta fuska biyu. Suna saye suna sayarwa a kai a kai saboda kuɗi na shigo musu yana fita, kuma ra'ayinsu yakan saɓa, wannan na ganin lokacin saye ne wancan na ganin na sayarwa ne, saɓanin nan kuwa shi ne ran kasuwa. Sannan suna da ma'aikatan da ke karanta rahoto layi-layi, suna da ƙuri'ar da za ta iya hana a amince da kwangilar suruki, don haka kasancewarsu kan tilasta gyaran shugabanci.

Ga rabin da dillalinki bai faɗa miki ba. Idan cibiya ɗaya ce ta sayi kashi 30 ko 40 ta kulle, to ta rage abin da ke yawo kamar yadda iyalin suka rage, kuma idan ta sami kujera a kwamitin daraktoci ita ma ta shiga sahun waɗanda suka fi kowa sani, tsoron mai saye ya ƙaru ke nan maimakon ya ragu. Wani masani mai suna Amir Rubin ya nuna a 2007 cewa yawan abin da cibiyoyi suka mallaka a jimlace yana tafiya tare da garawar hannun jari, amma taruwarsa a hannun 'yan kaɗan yana tafiya da akasin haka. Tun 1993 Amar Bhide ya ja hankali a kan wannan cin karo, cewa babban mai kaso da zai zauna ya sa ido a kan manajoji yana rage ciniki, kasuwar da fita ke da sauƙi kuma tana sa mutane su sayar su tafi maimakon su tsaya su gyara. A ƙaramin kamfani wannan ya fi tsanani, domin ranar da babbar cibiyar ta yanke shawarar fita, farashi yakan yi ta faɗuwa kashi 10 kullum babu mai tarewa. Mun ga irin haka bayan kasuwa ta kai ƙololuwa a watan Maris na 2008 ta juyo, inda masu manyan kaso suka nemi ƙofa lokaci ɗaya. Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce ko akwai cibiyoyi a kamfanin ba, ita ce su nawa ne, nawa kowacce ta riƙe, kuma suna ciniki ko ajiya suka yi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu irin waɗannan kamfanoni kansu suke cuta. Amihud da Mendelson sun nuna a 1986 cewa hannun jarin da ke da wuyar sayarwa sai an yi masa rangwame kafin a saye shi, ma'ana darajar kamfanin gaba ɗaya tana raguwa, kuma ranar da zai nemi ƙarin jari daga jama'a da tsada zai same shi. Iyalin da suka saki wani kaso, suka kawo daraktocin da ba 'yan amshin shata ba, suka riƙa fitar da rahoto a kan lokaci, abin da ya rage a hannunsu zai iya fin na da daraja. A Arewa, inda muke kukan ƙarancin kamfanoninmu a kasuwar, wannan darasi ya shafe mu kai tsaye.

Ya kamata ki riƙe bayanin nan da iyakarsa. Yawancin binciken da na ambata a kasuwar Amurka aka yi shi, inda ko ƙaramin kamfani ya fi namu ciniki nesa, kuma yana nuna abubuwan da ke tafiya tare ne, bai yanke cewa wannan ne kaɗai ya haifar da wancan ba, domin cibiyoyi ma da gangan suke zaɓar abin da ya riga ya garu. Cika ƙa'ida a takarda kuma ba shi ne shugabanci na gari ba, ana iya kiran aminin shugaba darakta mai zaman kansa. Sannan ban ga rahoton kamfaninku ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba.

Abin da nake ba ki shawara

Ki nemi rahoton shekara na ƙarshe ki buɗe shafin da ke nuna rabon mallaka, inda doka ta sa a bayyana duk mai kashi 5 cikin 100 ko fiye, ki tara kasonsu ki ga abin da ya rage wa jama'a. Ki duba ranar da rahoton ya fito, da yaushe rabon kamfanin da raba riba, da shafin mu'amala da makusanta. Sannan ki ce wa dillalinki ya nuna miki jerin tayin da ke kasuwa a yau da adadin da aka yi ciniki a wata uku da suka wuce, haƙƙinki ne, kuma dillalin kirki ba zai ji haushi ba.

Idan magada ba su matsu ba, a kafa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, a riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan, musamman a makon da kamfanin ya fitar da sakamako ko ya sanar da rabon riba, domin a lokacin ne masu tayi ke leƙowa. Zuba guda 400,000 a rana ɗaya zai karya farashin a kanku. Dillali kuma yana iya tuntuɓar manyan masu kason kamfanin, waɗanda sau da yawa su ne kaɗai ke son ƙari, a daidaita a waje sannan a shigar da cinikin ta kasuwa. Idan haka ta taso ki sa ran za a nemi rangwame, ki auna shi da jiran watanni da kuma la'adar da za a riƙa cira a kowane ƙaramin ciniki. Akwai hanya ta uku da mutane ke mantawa da ita, wato a raba hannun jarin kansa ga magada gwargwadon rabon kowa, kowa ya buɗe asusun CSCS, mai buƙata ya sayar, mai haƙuri ya riƙe. Wannan sai da yardar magada da shawarar malamin da ke raba muku gadon, musamman idan akwai marayu ƙanana a ciki, domin bai kamata a karyar da rabonsu saboda gaggawar manya ba.

Kada ki saurari masu zuwa gida su ce za su saya da kuɗi hannu, duk ciniki ya bi ta dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar hannun jari, kuma ki nemi a tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun banki na gadon. Kafin ki rufe maganar, ki rubuta wa rijistaran kamfanonin biyu ki tambayi ribar da mahaifinku bai karɓa ba, domin wanda ya riƙe hannun jari tun zamanin masaƙa da wuya a ce babu wadda ta maƙale, kuma ita ma tana cikin dukiyar da za a raba.